Bangon Ɗakin Inna

Gwiwoyina sun fara gajiya, shi ya sa yanzu in zan je asibiti a auna mini jini ba na takawa, sai in tare adaidaita sahu daga nan Tarauni ya bi da ni ta Gyaɗi-Gyaɗi. Kwanakin baya muna cikin cunkoso, hanya ta tsaya cik, sai idona ya faɗa cikin wani ɗan shago mai ƙofar gilashi. An rataye wasu abubuwa a bangonsa, furanni da taurari, sai ƙyalli suke yi. Na ce wa direban ya sauke ni. Da na matsa kusa sai na ga ashe marafan kwalba ne, da cokulan roba da aka yanke wa mariƙi, da gutsattsarin madubi. Yarinyar da ke tsaron shagon, ba za ta girmi jikata ba, ta taso da fara'arta.

"Hajiya, sannu da zuwa. Sabon yayi ne wannan, a waya muka koya. Duk abin da kika gani nan, da a shara zai ƙare."

Na ce mata Allah Ya yi albarka, hannunta yana da kyau, kuma gaskiya na faɗa. Amma ban iya daɗewa a ciki ba. Na fito na sami dakali na zauna, don a wannan layin, ba nisa da shagon, a nan ɗakin mahaifiyata yake a da.

Wanda ya san Gyaɗi-Gyaɗin yanzu, shago na bin shago, janareta na amsa wa janareta, ba zai yarda ba in na ce masa da muna yara in ka tsaya a ƙofar gidanmu gonaki kake hange har inda ido ya ƙare. Gidajen ƙasa ne jefi-jefi, da ɗorawa da kuka a tsakaninsu. Abin da ke tashinmu da safe luguden matan maƙwabta ne, taɓarya biyu ko uku a turmi ɗaya, da ƙarar guga in ya daki ruwa a rijiya, da muryar mai koko tana ratsa lungu. Daga baya da aka kawo namun daji gidan zu, rurin zaki ya shigo cikin asubarmu, har muka saba da shi, ranar da bai yi ba tsofaffi su ce ko dai ba shi da lafiya ne. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in cika randa, in wanke kwanukan tuwon jiya da toka da soso, in share tsakar gida. Sai dai ba ni da ikon kwashe sharar in kai juji sai Inna ta zo ta duba. Takan tsuguna ta baza ta da tsinke kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa, ta ɗauke maɓallin riga, ta ɗauke takardar alawa, ta ɗauke ɗan ɓarin faranti, ta jefa a wata tsohuwar ƙwarya da take ajiyewa a ƙarƙashin gado. In na yi tsaki sai ta ce, "Abin da ya yi maka bauta ba ka sallamarsa da tsintsiya." Ban san ko a wurin wa ta ji wannan magana ba, ban kuma taɓa jin ta a bakin kowa ba sai ita.

Baba tela ne, yana da rumfa a bakin hanya. Kullum da yamma yakan dawo da ƙullin ƙyallayen da suka zube a gindin keke, ya ajiye mata a bakin ƙofa. Marafan kwalba kuwa daga wurin maƙwabciyarmu suke zuwa, wata Bayarabiya mai sayar da lemo da kayan masarufi, wadda duk unguwa muke kira Mama. Ranar Lahadi in ta dawo daga coci, ko ɗankwalinta ba ta kwancewa, sai ta shigo da buhun marafai ta zube, su zauna da Inna a inuwar katanga. Mama na buɗe marafan da guduma, Inna na huda su da ƙusa. Gwangwanin madara da na tumatir a yanka su da tsohon almakashin Baba su zama ganye. Takardar ƙyalli ta cikin kwalin taba a lallashe ta da bayan cokali har ta miƙe. Ƙyallaye a kitsa su kamar gashi, a naɗe su a kan faifan da ya tsufa, a ɗinke da basilla, sai ka ga faifan da aka yar ya koma kamar bakan gizo. Ƙaro ake jiƙawa ya zama abin manni. Ni aikina miƙo wannan, riƙe wancan, da shan faɗa in na yanke yatsa.

Babban aikin kuwa sai damina ta ɗauke. Lokacin ne Inna take kwaɓa ƙasa ta sake yaɓe bangon da ke kallon ƙofar ɗakinta, tun yana ɗanye ta riƙa danna fasassun tangaran da madubi a ciki, ɗaya bayan ɗaya, tana ja da baya tana karkata kai tana dubawa. In ya sha iska ta shafe tsakaninsu da makuba, wato ruwan jiƙaƙƙen ɓawon ɗorawa. Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar ƙasa wannan bangon nake gani. A tsakiyarsa akwai wata babbar da'ira ta farin tangaran mai zanen shuɗi, ganyen gwangwani sun kewaye ta suna hawa har azara, faya-fayan ƙyalle a rataye dama da hagu. Ba ta yin siffar abu mai rai, ta ce Malam ya hana. Da hantsi in rana ta leƙo ta ƙofa, sai haske ya watsu a rufin ɗakin yana rawa kamar an girgiza ruwa a tasa. Mata sukan zo daga Daurawa da Darmanawa musamman don su gani. Wadda za ta aurar da 'ya kuma ba ta da kwanukan jere masu yawa sai ta roƙi Inna, ita kuma ta ɗauki ƙwaryarta ta tafi, ta wuni can, ta dawo da ƙasa har gwiwar hannu. Yanzu kowa ɗakinsa fenti ne da labule iri ɗaya, in ka shiga gida goma kamar gida ɗaya ka shiga. A lokacin kuwa kana ɗaga asabari za ka san hannun wace ce.

Wuri ɗaya ne a bangon ba shi da kyau. Can ƙasa, daidai inda take sa kai in ta kwanta, akwai wasu ƙananan da'irori guda huɗu, ba su yi layi ba, ba su kuma dace da sauran ba. Ɗaya ɓallin kwanon sha ne da ya yi tsatsa, ɗaya 'yan duwatsun wuya ne da suka koɗe, ɗaya murfin kwalbar magani, ɗaya maɓallai uku. Kowace shekara takan canza fasalin bangon, amma waɗannan suna nan inda suke. Na ɗauka mantuwa ce irin ta manya.

Sai na yi karatu. Ni ce mace ta farko a layinmu da ta wuce firamare, daga nan na shiga makarantar koyon aikin jinya. A can na fara shiga gidajen ƙawayena, na ga bango mai santsi, na ga kujerun kushin da hotuna a cikin gilashi. Na kuma koyi cewa datti yana kawo cuta, na riƙe wannan kamar karatun sallah. In na dawo gida na kalli bangon Inna, ba na ganin fure, gwangwani nake gani da shara. Na daina kawo ƙawaye gida. Wata rana na ce mata ƙura tana maƙalewa a jikin abubuwan nan, za su sa ta tari. Ta yi dariya ta ce, "To malamar asibiti, shekara nawa ina kwana da su?" Ban yi dariya ba.

Bayan na fara aiki na haɗu da wanda ya zama mijina, Allah Ya jiƙansa. Ni na ga abina na ce ina so, iyaye suka amince. Danginsa 'yan boko ne, gidansu na siminti ne tun daga ƙofa har bayan gida. Da aka sa ranar da matansu za su kawo lefe, barcina ya ragu. A ɗakin Inna za a sauke su, don shi ne babba. Ina ta hango su zaune suna kallon marafan kwalba suna taɓa juna. Ana cikin haka aka aiko wata gwaggon Inna ta rasu a ƙauye, ta shirya ta tafi, ta ce sai an yi sadakar bakwai za ta dawo. Tana fita na ga hanya ta buɗe.

Na sami Baba a rumfarsa na ce ina so in gyara ɗakin Inna kafin baƙi su zo. Bai ɗago daga kan keken ba.

"Ɗakin uwarki ne," ya ce. "Ki bari ta dawo."

"Baba, in ta dawo lokaci ya ƙure. Ai daɗi za ta ji."

"Na ce ki bari ta dawo."

Ban bari ba. Lokacin na fara ɗaukar albashi, ina ji da kaina. Washegari yana fita na kawo birkila. Mutumin ya tsaya a ƙofar ɗakin ya daɗe yana kallo, diga a hannunsa, sannan ya ce, "Malama, duka?" Na ce duka. Ƙarar da tangaran ya riƙa yi yana zuba ƙasa tana nan a kunnena. Kafin la'asar bango ya zama tsirara. Ya loda ɓaraguzan a mangalar jaki, aka kai kududdufin bayan unguwa aka zuba, lokacin kuwa tsakiyar damina ne, ya cika ya batse. Mama ta tafi sarin kaya ranar, ba ta nan. Da Baba ya dawo ya leƙa ɗakin, sai na ji ya ce, "Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un," irin yadda ake faɗa in an ji mutuwa. Ya ajiye ƙullin ƙyallayen a bakin ƙofa kamar kullum, ya koma zaure. Tuwon da na kai masa haka na ɗauko shi da safe. Bai yi mini faɗa ba, ni kuma na ɗauka fushin ƙin jin magana ne kawai, zai huce. Aka yi siminti, aka shafa fenti ruwan madara, na rataye kalanda da agogon bango. Na tsaya na duba na ce yanzu muka zama mutane.

Inna ta dawo da hantsi, da ƙullin daddawa da kuka a ka. Na tare ta da murna, na karɓi kayan, na ce ta zo ta ga abin da na yi mata. Ta ɗaga asabari ta tsaya. Ba ta kalli agogon ba, ba ta kalli kalandar ba. Ƙasa ta kalla, wajen kan gadonta. Ta taka a hankali ta durƙusa ta shafa wurin da tafin hannu, kamar mai taɓa goshin yaro ta ji ko da zazzaɓi.

"Sannu da aiki," ta ce. "Allah Ya yi albarka." Can kuma ta ce, "Ina aka zuba?"

"A kududdufi, Inna."

Ko ruwa ba ta sha ba, ta ja mayafinta ta fita. Na bi ta a baya ina cewa ai shara ce, in tana so zan saya mata faranti sababbi. Ba ta waiwayo ba. Ta je bakin kududdufin ta tsaya, ruwa kore shar, kwaɗi na ta kuka. Ta tattare zaninta ta sa ƙafa ɗaya a ciki, sannan ta janye. Mun daɗe a tsaye. Daga nan ta juyo ta ce, "Mu je, azahar ta yi."

Mama ce ta kira ni shagonta da yamma. Ta kori masu sayayya, ta tura ƙofa. Ban taɓa ganin idonta ya yi ja haka ba.

"Ke, me ya sa tsofaffin unguwa suke ce miki Ajuji?"

Wannan suna na tsane shi, na hana kowa kirana da shi tun ina firamare. Na ce na san dai Inna ta yi wabi kafin a haife ni, shi ya sa aka kai ni juji ina jaririya aka ɗauko, wai don mutuwa ta raina ni ta ƙyale.

"Su nawa ne?"

Na ce ban sani ba. Ina da shekara ashirin da ɗoriya, ina aikin karɓar haihuwar matan mutane, ban san 'ya'ya nawa uwata ta binne ba. Ba a maganar a gidanmu, ni kuma ban taɓa tambaya ba.

"Huɗu," in ji Mama, ta ɗaga yatsu. "Shekarar da ruwa ya ci bangon nan, ke kina ƙarama, ni da ita muka tone taɓo da hannu har muka samo su, ranar ta gaya mini. Kwanon na babban ne, da shi yake shan kunu, ƙyanda ta ɗauke shi yana shekara uku. Duwatsun na macen ne. Murfin kwalbar, maganin na ukun ne, bai kai ga shanye shi ba. Maɓallan kuma na rigar sallar da babanki ya ɗinka wa na huɗun, ba a kai sallar da shi ba. Ba ta da hotonsu, ba ta san inda kabarinsu yake ba, ku mata ba kwa zuwa maƙabarta. Abin da take da shi ke nan. Duk sauran kwalliyar da kike gani, don kada a tambaye ta waɗannan ne."

Ban san yadda na fito daga shagon ba. Na shiga gida na tarar da Inna tana tankaɗe. Na durƙusa a gabanta. Ta dube ni ta gane an gaya mini, sai ta ce, "Tashi ki hura wuta, babanki ya kusa dawowa." An ce da na sani ƙeya ce, ranar na san nauyinta.

Ranar lefe mata suka cika gidan, guɗa har bakin titi. Ni ina ɓoye a ɗakin girki kamar yadda aka saba, amma ina jin komai. Wadda ta jagorance su gwaggon ango ce, wata tsohuwar Hajiya mai farin gilashi, wadda ita na fi tsoro. Bayan an buɗe akwatuna an yi addu'a, sai na ji ta ce a kira mata uwar yarinya su gaisa. Da Inna ta shigo suka gaisa, Hajiya ta ce, "Ni fa ban da lefe akwai abin da ya kawo ni. Tun da aka ce 'yar gidan nan ce, mai aikina 'yar Darmanawa take ba ni labarin bangonki, wai ke kika yi mata nata da za ta yi aure. Mahaifiyata ma haka take yi a cikin gari, rabona da ganin irinsa tun rasuwarta. Na ce yau gani zai kori ji. Ko a wani ɗakin yake?"

Na dafe murhu, ban ma ji zafinsa ba. Kalma ɗaya Inna za ta faɗa ta tona ni a gaban dangin mijina.

"Ai ya tsufa ne, Hajiya," ta ce. "Yarinyar ta ga yana zubo mini da ƙasa, ta gyara mini. Allah Ya ba ku mai jin ƙanku kamar yadda take jin ƙaina."

Suka ce amin, aka ci gaba da guɗa.

Daga ranar Inna ba ta ƙara tsugunawa a kan shara ba. Ƙwaryar ta koma ta awon gero. Baba ya ɗauki makonni yana kawo ƙyallaye suna taruwa a bakin ƙofa, daga baya ya daina. Mama takan shigo ranar Lahadi su zauna su yi hira, hannuwansu a kan cinya. In mata suka zo roƙon a yi wa amarya bango, sai ta ce idonta ya yi rauni, alhali tana zura zare a allura ba ta ko ƙyaftawa. Na kawo mata fasassun faranti daga gidana, masu kyau, har da gangan na taɓa fasa ɗaya. Ta karɓa ta yi godiya, ta ce siminti ba ya karɓar abu. Ba ta taɓa canza mini fuska ba, ta yi mini wankan jego sau biyar, ta goyi 'ya'yana duka. Da ta zage ni ko sau ɗaya ne, ina jin da abin ya fi mini sauƙi. Shekaru suka yi ta tafiya, gonaki suka zama filaye, filaye suka zama gidaje, aka cike kududdufin aka yi gini a kai. Baba ya rasu, Mama ta koma garinsu wurin 'ya'yanta, ni kuma kullum ina cewa gobe zan yi mata maganar.

Da ciwonta na ƙarshe ya yi tsanani na ɗauko ta na dawo da ita gidana a Tarauni. Wata ranar Alhamis bayan la'asar, na gama goge mata jiki ina shafa mata mai a ƙafa, sai na ji in ban faɗa yau ba, ba zan ƙara samun dama ba.

"Inna, ki yafe mini bangon nan."

Ta daɗe tana kallon silin. "Wane bango kuma? Ai na yafe tun a bakin kududdufi. Ke ba ki sani ba ne. Laifina ne da ban gaya miki kina da yayye ba." Ta numfasa. "Babanki ya tafi, in na tafi ba mai sanin sun taɓa zuwa duniya. Matso."

Na matsa na kai kunnena. Ta fara daga na huɗun, ta faɗi sunansa, na maimaita. Ta faɗi na ukun, ta ce shi baƙi ne kamar Baba, ga yawan dariya. Ta faɗi sunan macen, ta ce ta fara tafiya ke nan. Ina maimaitawa kamar mai ɗaukar karatu a gaban malam. Sai ta tsaya a nan.

"Saura babban, Inna."

Ɗan fari ne. Ko lokacin da yake raye bakinta bai taɓa kama sunansa ba, ko a gaban mutane ko a bayansu, haka kunyar mutanen da take. Sai na ga tsohuwar nan da ta haura tamanin ta jawo gefen mayafi ta rufe fuskarta kamar amarya. Na jira. Can daga ƙarƙashin mayafin na ji ta faɗe shi, a hankali, harshenta yana tuntuɓe a kansa saboda rashin sabo. Na maimaita, na ce na riƙe.

Sai ta sake faɗa, da ɗan ƙarfi, ta ja ƙarshensa yadda ake yi in yaro ya yi nisa da gida. Wannan karon ba ni take gaya wa ba.